Tsere Tsakanin Masarrafi da Ma'adana: Tarihin Zaburar da Kwamfuta Daga 1981 Zuwa Yau

1.0 Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 1998, kamfanin Intel na Amurka ya fitar da wasu masarrafan kwamfuta kasuwa. Daga cikinsu akwai Pentium II mai gudun megahaz 450, wanda kuɗinsa ya haura dala 600, akwai kuma Celeron 300A mai gudun megahaz 300, wanda aka ƙera domin masu ƙaramin ƙarfi, kuɗinsa bai kai dala 200 ba. Ba a jima ba sai labari ya bazu cewa idan mutum ya canza lamba ɗaya a saitin na'urarsa, daga 66 zuwa 100, ƙaramin zai koma gudun 450, ya riƙa kafaɗa da kafaɗa da babban. Dubban mutane suka gwada, da yawa suka dace. Daga cikin waɗanda ba su dace ba akwai masu lafiyayyen masarrafi, sai dai ma'adanar da ke jikin na'urarsu tsohuwa ce, wadda aka yi domin gudun 66, ta kasa bin sabon takun.

Wannan maƙala ta bi diddigin wannan matsala ce tun daga farkon kwamfutar tebur. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, a kowane zamani an fi zumuɗin lambar gudun masarrafi, alhali abin da yake yanke hukunci a kan saurin aiki shi ne daidaito tsakaninsa da ma'adanar da take ciyar da shi.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Masarrafi shi ne ƙwayar silikon da take yin lissafi da zartar da umarni, wadda masu gyara suke kira furosesa. Ma'adana kuwa, a nan, ana nufin RAM, wato inda ake ajiye bayanan da ake cikin aiki da su, waɗanda suke gogewa da zarar an kashe wuta. Ta bambanta da faifan ajiya, inda fayil yake kwana. Duk wani motsi a cikin kwamfuta yana bin bugun agogo ne, kamar yadda manoma suke bin ganga a wurin gayya. Megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a daƙiƙa guda, gigahaz ɗaya kuma bugu biliyan ɗaya. Nanosakan shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A cikinsa haske kansa santimita 30 kawai yake tafiya.

Zaburarwa, kalmar da aka aro daga hawan doki, ita ce tilasta wa na'ura ta yi gudu fiye da wanda kamfani ya rubuta mata. Dalilin da ya sa hakan yake yiwuwa shi ne, daga faranti ɗaya na silikon ake yanko masarrafai masu yawa, a gwada su, a rarraba su aji-aji. Kamfani yakan bar tazara domin kariya daga zafi da tsufa, wani lokaci kuma yakan sa wa ƙwaya mai kyau ƙaramar lamba saboda kasuwa ta fi neman mai araha. Wannan tazara ce mai zaburarwa yake ci.

Ana auna ma'adana da ma'auni biyu. Idan masarrafi magini ne, ma'adana kuma mai miƙo masa tubali, to jinkiri shi ne lokacin da tubalin farko yake ɗauka kafin ya iso hannun magini, ɗauka kuma ita ce yawan tubalin da yake isowa a daƙiƙa guda bayan an fara miƙowa. Ana iya ƙara ɗayan ba tare da an taɓa ɗayan ba, kuma rabin gardamar da za a gani a gaba daga nan ta taso.

3.0 Zamanin Agogo Guda, 1981 zuwa 1986

Kwamfutar IBM PC ta 1981 tana ɗauke da masarrafin Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77. Wannan baƙuwar lamba ta samo asali ne daga tsimin kuɗi. An yi amfani da dutsen kwaz guda ɗaya mai bugun 14.318, wanda idan aka raba shi huɗu yake ba da bugun da launin talabijin ɗin Amurka yake buƙata, idan aka raba shi uku kuma ya ba da 4.77. Masarrafin yana kashe bugu huɗu, kimanin nanosakan 840, a kowace tafiya zuwa ma'adana, ita kuwa ma'adanar lokacin tana amsawa cikin nanosakan 200 zuwa 250. Ke nan a farkon al'amari ma'adana ce take jiran masarrafi.

Lamarin ya juya da fitowar IBM PC/AT a 1984, mai masarrafin 80286 da gudun megahaz 6. Shi wannan masarrafi bugu biyu yake buƙata a kowace tafiya, ma'adanar kuwa ba ta iya cimma sa, don haka aka saka masa bugun jira guda ɗaya, wato bugu ɗaya da yake zaune hannu rabbana. Dutsen kwaz na wannan na'ura mai bugun 12 ne, kuma a soke yake cikin soket, ba a like shi da dalma ba. Masu ƙarfin hali suka riƙa zare shi suna soka mai 16, sai na'ura ta koma gudun 8. Nan ne asalin zaburarwa a kwamfutar tebur. Matsalar ita ce agogo ɗaya ne yake kaɗa wa kowa: masarrafi, ma'adana da katunan da ake sokawa a babban allo. Idan aka ɗaga shi, duk wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara faɗuwa. IBM ba ta ji daɗin wannan ɗabi'a ba, a 1985 ta sauya manhajar tashi ta BIOS ta yadda za ta auna gudun, ta ƙi tashi idan ya wuce ƙa'ida. A 1986 kuma ta fitar da nata AT mai gudun 8.

A cikin shekarar 1986 ɗin ne IBM ta fitar da wata na'ura mai suna XT 286, mai gudun megahaz 6 amma babu bugun jira. Lissafin mai sauƙi ne. A gudun 6 kowane bugu nanosakan 167 ne, bugu biyu sun kama 333. A gudun 8 kowane bugu 125 ne, amma bugu uku sun kama 375. Ashe mai ƙaramar lamba ta riga mai babbar lamba dawowa daga ma'adana. Duk abin da za a shafe shekaru arba'in ana gardama a kai yana cikin wannan ɗan lissafi.

4.0 Rabuwar Agogo, 1986 zuwa 1995

Injiniyoyi sun bi hanyoyi uku domin kuɓutar da masarrafi daga jira. Ta farko ita ce raba hanyoyi. Kwamfutar Compaq Deskpro 386 ta 1986 ta ware wa ma'adana hanyarta mai gudun 16, ta bar katunan ƙari a kan gudun 8. Ta biyu ita ce aljihu, wato ƴar ƙaramar ma'adana mai tsananin sauri da ake ajiyewa dab da masarrafi domin riƙe abin da ake yawan nema. Dabarar tsohuwa ce: Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij ya bayyana ta a 1965, IBM kuma ta sa ta a babbar kwamfutarta System/360 Model 85 da ta sanar a 1968. A 1989 masarrafin Intel 486 ya zo da aljihu mai kilobayit 8 a cikin jikinsa.

Hanya ta uku ita ce ta fi tasiri a wannan tarihi. A 1991 Intel ta fitar da 486 mai gudun 50, wanda yake buƙatar babban allo da ma'adana su ma su yi gudun 50. Ƙera irin wannan allo ya yi wuya, ya yi tsada. Saboda haka a 1992 aka fito da 486DX2, wanda cikinsa yake gudun 66 alhali babbar hanyar da ta haɗa shi da ma'adana tana kan 33. Wannan shi ne maninki. Tun daga ranar, gudun masarrafi ya zama sakamakon lambobi biyu: gudun babbar hanya sau maninki. DX4 na 1994, duk da sunansa, ninki uku yake yi. Am5x86 na kamfanin AMD, a 1995, ya yi ninki huɗu a kan 33 ya ba da 133, masu zaburarwa kuma suka riƙa ɗaga hanyar zuwa 40 suna samun 160.

Maninki ya ba masarrafi damar tserewa, amma bai matso da ma'adana kusa ba. A waɗannan shekaru ƙarfin masarrafai yana ƙaruwa da fiye da kashi 50 cikin 100 a shekara, jinkirin ma'adana kuwa yana raguwa da kimanin kashi 7 kacal. A 1995 wasu masana biyu na Jami'ar Bajiniya, William Wulf da Sally McKee, suka wallafa gajeriyar maƙala da ta yaɗa sunan da ake kiran matsalar da shi har yau, wato katangar ma'adana. Ana iya fahimtar hujjarsu da misali. A ce cikin nema 100, sau 99 ana samun abu a aljihu da bugu ɗaya, sau ɗaya kuma sai an je ma'adana. Idan tafiyar bugu 10 ce, matsakaicin kuɗin nema bugu 1.09 ne. Idan ta zama bugu 300, matsakaicin ya koma 3.99. Aljihu bai lalace ba, amma kashi uku cikin huɗu na lokacin ya tafi a jira.

5.0 Zamanin Babbar Hanya, 1996 zuwa 2000

Masu saye sun ga wannan da idonsu a zamanin Pentium. Pentium 150 ninki biyu da rabi ne a kan hanya mai gudun 60, Pentium 133 kuma ninki biyu a kan 66. Na farkon ya fi da kusan kashi 13 cikin 100 a lamba, amma ma'adanarsa da aljihunsa na biyu, wanda a lokacin yake kan babban allo, sun gaza da kashi 10. A aikace tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Daga nan masu zaburarwa suka gane cewa ɗaga babbar hanya ya fi ɗaga maninki riba, domin ita tana tafiya da kowa.

Kamfanonin ƙera allo na Taiwan suka ga kasuwa. Suka ƙara gudun 75 da 83 a allunansu, a 1996 kuma Abit ta mayar da saitin cikin BIOS, aka huta da buɗe akwati ana sauya ƴan mahaɗan roba da hannu. Sai dai akwai tarko. Hanyar PCI, wadda faifan ajiya da katuna suke bi, rabin gudun babbar hanya take ɗauka, kuma an yi ta ne domin 33. A kan 75 takan koma 37.5, a kan 83 kuma 41.5. Na'ura takan tashi lafiya, ta yi kwanaki tana aiki, alhali bayanan da ake rubutawa a faifai suna gurɓata a ɓoye.

A 1998 Intel ta kulle maninki. Babban dalilinta shi ne ƴan damfara da suke goge lambar masarrafi mai araha, su buga ta mai tsada, su sayar. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce babbar hanya. A watan Afrilu na shekarar aka fitar da tarkacen allo mai suna 440BX, wanda ya kawo hanya mai gudun 100 a hukumance, tare da ma'adanar PC100, kuma a kan wannan gudu yana ba PCI kashi ɗaya cikin uku, wato 33 daidai. Nan sirrin Celeron 300A yake. Maninkinsa 4.5 ne: a kan 66 ya ba da 300, a kan 100 ya ba da 450, kuma babu wani sashe na allon da ya fita daga ƙa'ida, muddin ma'adanar PC100 ce, domin 440BX yana tafiyar da ma'adana a gudu ɗaya da babbar hanya.

Akwai sirri na biyu. Celeron na farko, wanda ya fito a Afrilun 1998, ba shi da aljihu na biyu ko kaɗan, ya kuma sha suka saboda nawarsa. Da aka zo gyara, sai aka sa wa 300A kilobayit 128 a cikin ƙwayar kanta, yana gudu daidai da masarrafi. Pentium II 450 yana da kilobayit 512, amma a waje, a rabin gudu, wato 225. Ƙaramin aljihu na kusa ya rama abin da babba na nesa ya fi shi. Yayansa Celeron 333, mai maninki 5, sai ya kai 500 kafin ya zauna a kan hanya mai 100, kuma kaɗan ne suke jure hakan, shi ya sa ƙanen ya fi shi suna.

AMD ma ta ɗanɗana wannan darasi. Athlon na farko, na 1999, aljihunsa na biyu a waje yake. Har zuwa gudun 700 yana bin rabin gudun masarrafi, daga 750 aka sauke shi zuwa biyu cikin biyar, daga 900 kuma ɗaya cikin uku. Athlon da ya kai gigahaz ɗaya a watan Maris na 2000 aljihunsa yana kan 333, ƙasa da 350 na mai gudun 700. A tsakiyar shekarar aka shigar da aljihun cikin ƙwaya. A kan waɗannan sababbin Athlon da Duron ne aka gano cewa fensirin makaranta yana buɗe maninki, domin baƙin bakinsa yana ɗaukar lantarki, ana iya sake haɗa ƴan gadojin da kamfani ya yanke.

6.0 Ɗaya da Ɗaya ko Biyar da Huɗu, 2000 zuwa 2004

Pentium 4 ya fito a watan Nuwamba na 2000 da babbar hanya mai ɗaukar gigabayit 3.2 a daƙiƙa. Intel ta ɗaura shi da ma'adanar kamfanin Rambus, mai yawan ɗauka, mai tsada, mai ɗan jinkiri. Kasuwa ta ƙi ta saboda kuɗi. A 2001 aka ba shi damar amfani da tsohuwar PC133, wadda ɗaukarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da hanyar take nema ba, sai masarrafi mai babbar lamba ya zauna da yunwa. Wadda ta ci nasara a ƙarshe ita ce DDR, mai aika bayani sau biyu a kowane bugu.

A wannan zamani ne daidaitawa ta zama fanni mai zaman kansa. Alluna suka fara kulle gudun PCI a 33 ko yaya aka ɗaga babbar hanya, suka kuma kawo rabo tsakanin hanya da ma'adana. Masu zaburarwa suka koyi karanta lambobin jinkiri guda huɗu, irin 2-2-2-5, waɗanda ta farkonsu, CL, take nuna bugu nawa ma'adana take ɗauka kafin ta miƙo abin da aka nema daga layin da ke buɗe.

Misalin da ya fi shahara shi ne Pentium 4 2.4C na 2003, mai maninki 12 a kan hanya mai 200. Idan aka ɗaga hanyar zuwa 250, masarrafi ya kai gigahaz 3. Sai tambaya ta taso a kan ma'adana. Idan aka bar rabo ɗaya da ɗaya, ita ma ta koma 250, wato DDR500, amma yawanci sai an sassauta CL zuwa 3, jinkiri ya zama nanosakan 12. Idan aka zaɓi biyar da huɗu, ta tsaya a 200, wato DDR400, da CL 2, jinkiri nanosakan 10. A zaɓi na farko layuka biyu na ma'adana suna ɗaukar gigabayit 8, daidai da abin da hanyar take iya haɗiyewa. A na biyu 6.4 ne, amma amsar farko ta fi saurin zuwa. Wanda ya yi nasara ya danganta da irin aikin: sarrafa bidiyo, mai kwasar bayanai a jere, ya fi son ɗauka, aikin da yake tsalle daga wuri zuwa wuri ya fi jin jinkiri. A kan haka ne ƙwayoyin BH-5 na kamfanin Winbond suka yi tsada, domin suna riƙe ƙananan lambobi a babban gudu idan aka ba su lantarki sama da bolt 3, alhali ƙa'idar DDR tana wajen 2.5.

A ɓangaren AMD hukuncin daban ne. Hanyar Athlon XP a kan 166 gigabayit 2.7 take ɗauka, wanda layi ɗaya na DDR333 ya riga ya cika. Ɗaga ma'adana sama da hanya ba ya ƙara komai, yakan ma jawo jinkiri saboda agogo biyu da ba sa tafiya tare. Shi ya sa masu Athlon XP 2500+, mai maninki 11, suke ɗaga hanya da ma'adana tare zuwa 200, su samu 2200, gudun 3200+ mai tsada. Babu rabo guda da ya dace da kowace na'ura; sai an san wace mashiga ce ta fi ƙunci.

7.0 Mai Kula da Ma'adana Ya Koma Ciki, 2003 zuwa 2011

A 2003 AMD ta ɗauke sashen da yake kula da ma'adana daga babban allo ta shigar da shi cikin masarrafin Opteron da Athlon 64. Tafiya ta gajarta, jinkiri ya ragu ƙwarai. Intel ta bi sahu a watan Nuwamba na 2008 da Core i7. A tsakanin nan wata katanga ta bayyana, ta zafi. Wutar da masarrafi yake ci tana ƙaruwa daidai da gudu, amma tana ƙaruwa da ƙarfin lantarki sau kansa. Ƙarin kashi 10 a gudu da kashi 10 a lantarki yana haifar da ƙarin kusan kashi 33 a zafi. A watan Oktoba na 2004 Intel ta soke shirin Pentium 4 mai gigahaz 4, daga 2005 kuma aka koma tara ƙwaƙwale biyu, huɗu, takwas a masarrafi ɗaya. Bakuna suka ƙaru a kan akushi guda.

Core i7-920 maninki 20 ne a kan agogon tushe mai 133. Kai agogon 200 yana ba da gigahaz 4, amma yana jan ma'adana, yana kuma jan sashen da ke ɗauke da mai kula da ita, wanda dole gudunsa ya ninka lambar ma'adanar: DDR3-1600 tana buƙatar 3200. Intel ta kuma yi gargaɗin kada lantarkin ma'adana ya wuce bolt 1.65, domin yanzu ƙarinsa yana shiga jikin masarrafi kai tsaye.

Daga nan kamfanoni suka mayar da zaburarwa haja. A 2007 Intel ta kawo XMP, saitin gudu da jinkiri da mai ƙera ma'adana yake rubutawa a jikinta, mai saye ya kunna da dannawa ɗaya. A watan Janairu na 2011, da zuriyar Sandy Bridge, aka ɗaure agogon tushe mai 100 da sauran sassa ta yadda ba ya ɗaguwa sai ɗan kaɗan, aka buɗe maninki a masarrafai masu harafin K kawai, irin 2500K, a kan ƙarin kuɗi. Abin da ya fara a matsayin dabarar mai ƙaramin ƙarfi ya koma kayan mai hali.

8.0 Tsohuwar Gardama a Sabuwar Riga, 2017 Zuwa Yau

Da Ryzen na AMD ya fito a watan Maris na 2017, an ga cewa hanyar cikin gida da ta haɗa rukunan ƙwaƙwalensa, Infinity Fabric, tana bin agogon ma'adana ne. Mai DDR4-2133 hanyarsa tana kan 1066, mai DDR4-3200 kuma 1600. Saurin ma'adana ya zama saurin masarrafi da kansa. A zuriyar 2019 aka raba agogunan, amma rabon ɗaya da ɗaya ba ya wuce wajen 1800 zuwa 1900. Wanda ya haura nan, mai kula da ma'adana yakan sauka zuwa rabin gudu, jinkiri ya ƙaru. Shi ya sa DDR4-3600 takan doke wadda ta fi ta lamba da kuɗi. Intel ta kawo irin wannan tsari a 2021 da sunan Gear 1 da Gear 2, a 2022 kuma AMD ta nuna DDR5-6000 a matsayin madaidaiciya ga Ryzen 7000. Gardamar 2003 ce ta dawo.

A watan Afrilu na 2022 aka fitar da Ryzen 7 5800X3D, wanda aka ɗora masa ƙarin aljihu har ya kai megabayit 96, maimakon 32 na 5800X. Ƙololuwar gudunsa gigahaz 4.5 ce, ta ɗan'uwan nasa 4.7, an kuma hana zaburar da shi, duk da haka ya fi shi sauri a yawancin wasanni. Darasin XT 286 da na Celeron 300A ke nan a karo na uku.

Tazarar kariya kuwa ta kusa ƙarewa, domin masarrafan yau suna zaburar da kansu gwargwadon zafi da wuta. A 2023 wasu Ryzen 7000 suka ƙone bayan alluna sun ba sashen kula da ma'adana lantarki fiye da kima, AMD ta ƙayyade shi a bolt 1.3. A 2024 Intel ta amince cewa yawan lantarki yana lalata wasu masarrafanta na zuriya ta 13 da ta 14, ta fitar da gyara, ta ƙara wa'adin garanti da shekara biyu.

9.0 Kammalawa

Idan aka ninka CL da 2000, aka raba da lambar ma'adana, za a samu jinkirinta a nanosakan. DDR400 mai CL 2 ta ba da 10. DDR2-800 mai CL 4, DDR3-1600 mai CL 8, DDR4-3200 mai CL 16 da DDR5-6000 mai CL 30, kowacce 10 ta ba da. Cikin shekaru ashirin ɗaukar sanda ɗaya ta tashi daga gigabayit 3.2 zuwa 48, ninki 15, amma wannan jinkiri bai gusa ba. Daga 1981 zuwa yau gudun masarrafin kasuwa ya ninka fiye da sau 1000, a watan Disamba na 2022 ma an haura gigahaz 9 da Core i9-13900K ta hanyar sanyaya shi da ruwan iskar hiliyom, amma lokacin amsar ma'adana bai ragu da ninki goma ba. Masarrafi mai gigahaz 5 da ya jira nanosakan 70 ya yi asarar bugu 350.

Wannan tarihi yana da amfani ga ɗalibin da ke Yamai, Damagaram ko Garwa, inda yawancin na'urori na hannu ne, zafin bazara yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, wuta kuma tana hawa da sauka. Tazarar da mai zaburarwa a ƙasar sanyi yake ci, a nan yanayi ya riga ya cinye wani ɓangare nata. Sau da yawa abin da zai fi ƙara wa irin wannan na'ura sauri shi ne sanda ta biyu ta ma'adana, irin ta farko, domin layuka biyu su yi aiki tare, sai kuma share ƙura. Wanda kuma ya ƙudurta zaburarwa, to ya bi tsarin da magabata a fannin suka bari: a sauke ma'adana a nemo iyakar masarrafi shi kaɗai, a sauke masarrafi a nemo iyakar ma'adana ita kaɗai, sannan a haɗa su a ƙasa da iyakokin biyu, ana canza abu ɗaya a lokaci guda. Daga nan a shafe sa'o'i ana gwaji da manhajoji irin Memtest86 da Prime95, waɗanda suke hannun jama'a tun 1994 da 1996. Masarrafin da ya gaza yakan tsaya cak, mai shi ya gani. Ma'adanar da ta gaza kuwa tana iya sauya lamba ɗaya a cikin kundin bincike, a adana shi haka, ba a sani ba sai ranar da aka zo buɗewa.